Matashin da ya yi lalata da ƙaramin yaro ko yarinya, yana gyaruwa kuwa? Tambayoyi da amsoshi

Magana ce da ba'a son ɗagowa a tsakar gida, amma tana faruwa, kuma in ta faru abu biyu aka saba yi, ko dai a binne ta a ce kar duniya ta ji, ko a yi wa yaron dukan kawo wuƙa a kore shi daga gidan. Duk biyun ba sa kare yaro na gaba. Ga tambayoyin da iyaye da malaman makaranta suka fi yi. Yawancin alƙaluman nan daga Amurka da Kanada da Ingila suke, don can ne aka daɗe ana bin diddigin irin yaran nan shekara da shekaru a ga yanda suka ƙare.

Wai abin yana da yawa ne haka, ko dai jefi-jefi ne?

Yana da yawa. A 2009 David Finkelhor da abokan aikinsa sun duba bayanan 'yan sandan Amurka, suka tarar cikin duk mutum 100 da aka sani sun yi lalata da ƙananan yara, kusan 36 su kansu basu kai shekara 18 ba. Shekarun da abin yafi tashi sune 12 zuwa 14, wato daidai shigowar balaga, kuma 93 cikin 100 maza ne. Wanda ake cuta kuwa yawanci na kusa ne, ƙani, ƙanwa, 'yar maƙwabta, ɗan da aka ce "riƙe min shi in je in dawo". A Najeriya binciken da Hukumar Ƙidaya ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna mace ɗaya cikin huɗu da namiji ɗaya cikin goma an ci zarafinsu ta wannan hanya kafin su kai 18, toh kar wani ya ce ai matsalar Turawa ce.

Malam ni fa gani nake wanda ya ɗanɗana sau ɗaya ba zai taɓa dainawa ba. Ba haka bane?

Kusan kowa haka yake ɗauka, har alƙalai da likitoci a can baya haka suka ɗauka, shi yasa a shekarun 1980 da 1990 aka ɗebo tsarin da ake yi wa manyan masu laifi a kurkuku aka ɗora wa yara 'yan 13. Amma da aka zo aka ƙirga sai lissafin ya fito daban. Michael Caldwell ya haɗa bincike 106 a 2016, matasa 33,783 kenan, aka bi su kimanin shekara biyar, waɗanda aka sake kamawa da laifin lalata basu kai 5 cikin 100 ba. Da ya ware binciken da aka yi daga 2000 zuwa 2015 kaɗai ma adadin ƙasa da 3 ne.

Ehh, na sani, waɗanda aka kama kenan, akwai wanda zai yi ba'a gane ba, don haka adadin gaskiya ya fi haka. Amma ko ka ninka shi sau uku mafi yawansu basa komawa. Abinda yafi ɗaukar hankalina a binciken ma wani ne daban: kusan 41 cikin 100 an sake kamasu da wani laifin ko wane iri, sata, faɗa, ƙwaya da sauransu. Ma'ana da yawansu yara ne da rayuwarsu gaba ɗaya ta karkace, lalatar ɓangare ɗaya ce kawai. Duk maganin da zai tsaya kan maganar sha'awa kaɗai ya bar makaranta da abokai da halin da gida ke ciki, rabin aiki yayi.

Me ke kai yaro ga wannan tun farko?

Ba dalili ɗaya bane kuma yaran ba iri ɗaya bane. Akwai ɗan 12 da ya ga bulufim a wayar yayansa ya je yana gwadawa a kan ƙanwarsa ba tare da ya san girman abin ba. Akwai kangararre da dama can yana sata yana shaye-shaye, wannan ma ya haɗa. Akwai shiru-shiru wanda bashi da aboki ko ɗaya cikin sa'o'insa, kullum cikin ƙananan yara yake. Akwai mai raunin fahimta. Sannan akwai 'yan kaɗan da sha'awarsu da gaske ta karkata ga ƙananan yara, su ne suka fi buƙatar ƙwararre da sa ido mai tsawo.

Michael Seto da Martin Lalumière sun kwatanta bincike 59 a 2010, tsakanin matasa masu laifin lalata da matasa masu wasu laifuka, sai suka ga na farkon sun fi yawan waɗanda su ma aka taɓa yi musu, sun fi kaɗaici da fargaba da raina kai, kuma sun fi saurin cin karo da batsa tun suna ƙanana. Amma a kula, kar a juya maganar a fara kallon duk yaron da aka cuta a matsayin mai cutarwa na gobe. A Landan an bi yara maza 224 da aka yi wa lalata har suka girma, 26 ne kawai aka samu sun aikata, an buga wannan a 2003. Ga kuma ƙwaƙwalwa, ɓangaren gaba mai taka wa mutum birki baya gama ƙosawa sai wajen shekara 25, wannan shi ke sa matashi yin abu ba tunani, kuma shi ke sa gyaransa yafi na babba sauƙi.

Abin ya fito a gidanmu jiya. Ta ina zamu fara?

Ta wanda aka cuta, ba ta wanda yayi ba. A kai shi ko ita asibiti yau ɗin nan, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 yake aiki. Akwai cibiyoyi na musamman da aka buɗe don haka, Waraka a asibitin Murtala a Kano, Salama a Kaduna, Nana Khadija a Sakkwato. A gaskata yaron, kar a tsare shi da tambaya kowa yazo ya sake tambaya, kar a ce "me ya kaiki ɗakinsa".

Na biyu a raba su, kuma in dole wani ya bar gidan na ɗan lokaci toh wanda yayi ne zai bari, a kai shi gidan kawu ko kaka inda babu ƙananan yara kuma a faɗa wa mai gidan gaskiyar dalili. Tura shi wani gari "karatu" ba tare da an faɗa wa kowa komai ba, wannan miƙa shi ne ga wasu 'ya'yan mutane. Na uku a sanar da hukuma, jami'an walwalar jama'a ko 'yan sanda. Na san nan ne zuciya ke karyewa, ɗanka ne, amma zaman sulhu a zauren mai unguwa a ba da kuɗin magani a watse, babu wanda ya warke a ciki.

Mene ne wannan auna yaro da ake cewa sai anyi kafin magani?

Ƙwararre ne zai zauna da yaron da iyayensa, ya duba takardun makaranta da na kotu, ya gano me ya faru, me ke ingiza shi, wane ƙarfi yake da shi da za'a iya ginawa a kai. Akwai ma'aunai da aka tsara don matasa kaɗai, ERASOR daga Kanada, J-SOAP-II daga Amurka, AIM daga Manchesta a Ingila. Ba duba bane, basa faɗin gaibu, kuma saboda matashi na canzawa da sauri ana son a sake aunawa kamar duk wata shida. Amfaninsa shine a daidaita magani da girman haɗari. Yaron da haɗarinsa kaɗan ne in ka jefa shi cikin tsari mai tsanani tare da riƙaƙƙu, ɓata shi zakayi.

To wane magani ne aka tabbatar yafi aiki?

Wanda yafi kowanne hujja shine wanda ake kira MST a taƙaice, magani ne da ake yi ta kowane ɓangare na rayuwar yaro lokaci guda, gida, makaranta, abokai, unguwa. Scott Henggeler da Charles Borduin ne suka gina shi, Borduin ɗin ne ya daidaita shi da matsalar lalata a Jami'ar Misuri. Yanda yake tafiya, ba yaron ke zuwa ofis ba, mai maganin ne ke zuwa gida sau biyu sau uku a sati, iyalai kaɗan yake riƙewa, kuma ana iya kiran tawagarsa dare ko rana. Wata biyar zuwa bakwai ake yi. Kuma abin mamaki yawancin aikin da iyaye ake yinsa. Za'a zauna da uwa da uba har su daina musun abinda ya faru, a rubuta dokokin gida, wa ke kwana ina, wa ke sa ido ƙarfe nawa zuwa nawa, waya a hannun wa take kwana, a je makaranta a ga malami, a duba su waye abokansa a nemo masa na kirki sa'o'insa, in uban na shaye-shaye ko ana dambe a gidan shima a taɓa shi.

Sakamako fa? A gwajin da Borduin ya buga a 2009, matasa 48 aka raba biyu aka bi su kusan shekara tara, waɗanda aka yi wa MST 8 cikin 100 suka sake laifin lalata, waɗanda aka yi wa maganin da aka saba 46 cikin 100. Mutum 48 ba yawa bane gaskiya, kar a ɗauki tazarar nan kamar ko'ina haka zata fito. Amma Elizabeth Letourneau ta sake gwadawa da matasa 127 a yankin Shikago, nan ma aka ga raguwar matsalar, da raguwar shaye-shaye da yawan ɗauke yara daga gida. Da suka bincika me ya kawo canjin, abu biyu suka fito, iyaye sun koyi tsayawa kan dokar da suka sa ba yau a hana gobe a ƙyale ba, sannan an raba yaro da miyagun abokai. Wannan kam ba sai da dala ake yinsa ba.

Shi kuma kansilin ɗin da ake zama ana magana, me ake faɗa a ciki?

Wanda aka fi yi shine CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a. Ana koya wa yaro ya gane ƙaryar da yake yi wa kansa, "ai bata yi kuka ba", "ai wasa ne", "ai ƙarama ce zata manta". Ana bin sawun ranar da abin ya faru baya-baya, me yake ji, me ya kalla, ya akayi suka kaɗaita, don ya san inda zai tsaya tun kafin a kai can. Ana koyar da ilimin balaga na gaskiya, menene yarda kuma me yasa ƙaramin yaro bashi da ikon yarda, yanda ake danne fushi, yanda ake abota da sa'o'i. In shima an taɓa cutar da shi sai a yi masa maganin wannan raunin daban, ba don ya zama uzuri ba.

A Jami'ar Oklahoma an gwada zama 12 kacal na rukuni ga yara 'yan 5 zuwa 12 masu irin wannan ɗabi'a, iyayensu ma suna nasu zaman, bayan shekara goma 2 cikin 100 ne suka yi laifin lalata, a ɗaya rukunin da aka yi wa magani ta hanyar wasanni kuwa 10 ne. A Toronto shirin SAFE-T ya bi matasansa har shekara 20, waɗanda suka yi magani 9 cikin 100, waɗanda basu yi ba 21. Ka lura duk inda aka ci nasara iyaye na ciki.

Akwai kuma tunanin Tony Ward na ƙasar Niyuzilan da yanzu ya shiga shirye-shirye da yawa, cewa kar a cika yaro da "kar ka, kar ka" kawai, a tambaye shi wace rayuwa yake so, sana'a, ƙwallo, mutunci, aure wata rana, a nuna masa hanyar halal ta kaiwa can. Yaron da yake da abin asara yafi kiyaye kansa.

Namu ya rantse da Alƙur'ani bai yi ba. Sai ya amsa za'a fara?

A'a. Musu a farko kusan dukkansu suna yi, kunya ce da tsoro, kuma bincike bai nuna cewa mai musu yafi komawa laifin ba. Ana fara aiki a haka, dokokin gida su tsaya daram ko ya amsa ko bai amsa ba, da yawa sai an yi watanni sun ga ba za'a yar da su ba suke buɗe baki. A Amurka an daɗe ana sa musu na'urar gano ƙarya, amma a 2017 ƙungiyar ATSA ta ƙwararrun wannan fanni ta ba da shawarar a daina yi wa matasa.

Babu wata allura ko ƙwaya da zata kashe masa sha'awar a huta?

Akwai magungunan rage sinadarin namiji, amma ga manya aka fi amfani da su, ga yaron da bai gama girma ba suna taɓa ƙashi da tsawo, don haka sai a lamari mai tsanani sosai kuma a hannun likitan ƙwaƙwalwa. Wani lokaci likita kan ba da maganin damuwa irin su fluoxetine in akwai baƙin ciki ko tunanin da ke maimaita kansa. Don Allah kar a je kemis a ce a haɗo.

Mu kai shi gidan mari ko gidan kangararru mana, ya ji jiki ya dawo hayyacinsa?

Akwai yaran da dole a tsare su, wanda ya yi da makami, ko ya yi wa yara da yawa, ko gidansu babu mai iya sa ido. Don irinsu akwai gidajen bostal, wato na gyaran halin matasa masu laifi, na tarayya a Kaduna da Ilori da Abekuta, da gidajen ajiye yara na jihohi kamar na Goron Dutse a Kano. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ma cewa tayi tsarewa ita ce zaɓin ƙarshe kuma ba'a yi wa yaro shari'a irin ta manya. Amma tsarewa ita kaɗai ba magani bace, ka tara yara masu matsala ɗaki ɗaya da dare ba mai kallo, me kake zaton zasu koya wa juna?

Gidan mari kuwa, ku tuna Satumban 2019 da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da mari a ƙafa, wasu suna ba da labarin an yi lalata da su a ciki. Tsoratarwa ma an gwada ta a Amurka, ana kai yara kurkuku fursunoni su yi musu ihu don su firgita, da aka tattara gwaje-gwajen sai aka ga waɗanda aka kai sun fi waɗanda ba'a kai ba aikata laifi daga baya. Duka yana koya wa yaro ɓoyewa ne.

A yi masa aure kawai, ko a kai shi ruƙiya?

Wannan ina jinta da yawa daga kakanni. Hajiya, ɗan 15 da ya cuci 'yar shekara shida, rashin mata bane matsalarsa, in kin aurar da shi a haka kin ƙara masa 'yar wani ne a ɗaki kuma gobe ga 'ya'ya. Addu'a da tuba da zama gaban malami na kirki kuwa suna da babban gurbi, yaro na buƙatar ya san ƙofar tuba a buɗe take. Inda nake ja shine a ce aljani ne ko sammu aka yi masa, domin an cire masa alhaki kenan, alhali maganin gaba ɗaya a kan "ni nayi, kuma ni zan hana kaina" aka gina shi. Addinin ma ai ya riga ya ba da rabin dokokin gidan, a raba wa yara makwanci in sun kai goma, a koya musu sallama da neman izini kafin shiga ɗaki kamar yanda yazo a Suratun Nur.

Me zai hana a watsa hotonsa a Facebook kowa ya san shi?

Amurka ta gwada wannan a hukumance. Dokar Adam Walsh ta 2006 ta sa a riƙa saka 'yan 14 zuwa sama a rajistar masu laifin lalata in laifin mai girma ne. Binciken Letourneau a Karolina ta Kudu bai ga rajistar ta rage komawa laifi ba, wani kuma da ta buga a 2018 ya nuna yaran da ke rajista sun ninka sauran sau huɗu wajen yunƙurin kashe kansu. Yaron da aka fallasa an kore shi a makaranta, ba mai koya masa sana'a, ba aboki, duk abinda ke riƙe shi an tsinke. Kuma a unguwa in an san shi an san wadda ya cuta, ita ce zata ɗauki tambarin har ranar aurenta. Waɗanda ya kamata su sani a faɗa musu, hukuma, shugaban makaranta, duk mai gidan da zai zauna.

Duk wannan lallashin ba zalunci bane ga wadda aka cuta?

Zai zama zalunci in aka kashe kuɗi da lokaci a kansa ita aka ce tayi haƙuri. Ita ce ta farko a magani, kuma ba'a tilasta mata yafiya ko zama inuwa ɗaya da shi. Maganin nasa ma ba lallashi bane, zama ne a gaban iyayenka ka faɗi abinda kayi da bakinka, a karɓe wayarka, a bi sawunka wata da watanni. Hausawa sun ce hannunka baya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma ko an yar da shi wani gari zai faɗa inda akwai yara.

A garinmu ban taɓa jin mai yin MST ba. Ina zamu dosa?

Ku nemi sashen ƙwaƙwalwa, asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, ko Dawanau da asibitin Malam Aminu Kano, ku ce kuna son mai ganin yara da matasa ko masanin halayya. Ku roƙi a riƙa zaman da ku a ciki. Sauran kuwa a hannunku yake, kar a bar shi da ƙaramin yaro su biyu ko na minti biyar, ba raino, ba yi wa ƙanne wanka, ba rakiya shago, waya da intanet a tsakar gida kawai, kar a cire shi daga makaranta ko wajen sana'a, kuma a samu namiji babba ɗaya da zai riƙe shi da gaske.

Idan matashi bai yi komai ba amma yana jin sha'awar yara fa?

Ya nemi taimako tun yanzu, jin abu daban aikata shi daban. Asibitin Charité a Balin ta ƙasar Jamus ya buɗe shiri na sirri don 'yan 12 zuwa 18 masu irin wannan tun 2014. In ɗanka ya iya buɗe baki ya faɗa maka wannan, kar ka mare shi, ka kai shi likita.

Yaushe zai dawo gida?

Ba kalanda ke yankewa ba. Sai wanda aka cuta ya samu nasa maganin kuma shi da kansa, ba da matsin iyaye ba, ya nuna a shirye yake. Sai wanda yayi ya ɗauki laifin gaba ɗaya, sau da yawa ta wasiƙa da mai magani zai duba tukuna a tabbatar babu "amma ke ma" a ciki, babu roƙon yafiya mai ɗora wa yarinya nauyi. Daga nan a hankali, haɗuwa ta awa ɗaya gaban manya, sai wuni, sai kwana ɗaya, ana tambayar ƙaramin a keɓe bayan kowane mataki, in ya fara fitsarin kwance ko firgita cikin barci ko ƙin cin abinci sai a ja baya. A sa sakata a ɗakin ƙananan ta ciki, a sanar da su wa zasu faɗa wa in wani abu ya dame su. Wasu gidajen wata shida, wasu shekara biyu, wasu kuma ƙarshe a gidan kawu yaron zai ƙarasa girma yana zuwa gaisuwa da rana, shima tsari ne mai kyau in shi yafi wa ƙaramin kwanciyar hankali.